Na'urar Ɗaukar Siffar Ƙashi: Yadda A Ke Zaɓenta, Da Inda A Ke Samun Kuɗinta

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu bayanin wata na'ura wadda maganarta ta yawaita a bakin 'yan ƙungiyar kimiyya cikin watannin nan. Ita ce na'urar ɗaukar siffa, wadda waɗansu ke kira sikana. Waɗansu sun ce lalle kwaleji ta nemi kuɗi ta saya, waɗansu kuwa sun ce wannan almubazzaranci ne, tun da allo da alli sun ishi malami. Ni dai a ganina, kafin a yi gardama a kan sayen doki, ya kamata a san dokin, a san abin da ya ke ci, a kuma san tafiyar da za a yi da shi. Don haka zan faɗi abin da na'urar ke yi, da ire-irenta, da yadda a ke zaɓe, sa'an nan in zo kan maganar kuɗi.

Abin Da Ƙashi Ke Faɗi

Kowane ɗan aji ɗaya ya san babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙashi kamar littafi ya ke ga wanda ya iya karanta shi. Ƙashin ƙugu yakan nuna mai shi namiji ne ko mace, domin na mace ya fi faɗi saboda haihuwa. Haƙora da bakin gaɓoɓi sukan nuna shekaru. Tsawon ƙashin cinya yakan ba da kimanin tsayin mutum. Tsohuwar karaya takan bar tabo, har a gane ko maɗori ya yi aikin kirki ko kuwa ƙashin ya haɗe a karkace. Cututtuka ma, irin su amosanin jini da tarin fuka, sukan bar sawunsu a jikin ƙashi.

Amma duk wannan karatu da awo a ke yinsa. A shekarar 1952 waɗansu mata biyu masana a Amurka, Mildred Trotter da Goldine Gleser, suka fito da lissafin gane tsayin mutum daga dogayen ƙasusuwansa. Sun ɗauki awonsu daga gawawwakin sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙasusuwan da aka tara a can ƙasar. To, ginin jikin mutanen wata ƙasa ba lalle ne ya zama daidai da na wata ba. Mudun Kano ba shi ne mudun Bida ba. In likitan 'yan sanda a nan ya sami ƙashi yana so ya gane mai shi, ko kuwa likitan ƙashi a asibitin Dala na Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana so ya san girman ƙarfen da zai dace da ƙugun mutanenmu, awon da aka ɗauka daga jikin mutanenmu shi ya fi amfani. Wannan shi ne dalili na fari.

Ƙasusuwan Ƙasarmu Da Na Maƙwabta

Dalili na biyu shi ne tarihi. A nan kusa da mu, kudu maso gabas da Suleja, akwai Taruga, inda Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya yi tono cikin shekarun 1960, ya sami matoyan ƙarfe da gumakan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Peter Breunig, sun ci gaba da binciken Nok tun daga 2005. Abin mamaki, sun sami tukwane da duwatsun wuya da gumaka, amma ƙashi bai samu ba, domin ƙasar wannan yanki tana da tsami, takan cinye ƙashi ƙurmus. Ashe ke nan a wajenmu ƙashin dā abu ne mai wuyar samu, wanda aka samu kuwa ya cancanci tattali.

A waɗansu wurare an yi sa'a. A 1965 Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal a kogon Iwo Eleru kusa da Akure. A 2011 masana daga Turai tare da na Jami'ar Ibadan suka sake auna siffar ƙoƙon kan ta tsawo da faɗi da zurfi, suka gwada da waɗansu, suka kuma nuna shekarunsa sun kai kimanin 13,000. A Daima ta ƙasar Barno, Graham Connah ya tono kaburbura a 1965 da 1966. A Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, inda Palmer ya fara tono a 1907, an sake tono a 1992, aka ɗebo kaburburan da ƙasarsu gaba ɗaya, daga baya a 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus don gyara da bincike.

Can kuma a Jamhuriyar Nijar, cikin hamadar Tenere, Paul Sereno na Jami'ar Shikago da mutanensa suka ci karo da maƙabartar Gobero a shekarar 2000, suna cikin neman ƙasusuwan dabbobin dā. Akwai kaburbura kimanin 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni, mafi tsufa a cikinsu sun doshi shekara 10,000. A ɗaya daga ciki an sami mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe.

Mai karatu zai lura da abu ɗaya cikin wannan lissafi. Ƙasusuwan namu ne, amma awon galibi baƙi ne suka yi, da kayan aikin da suka zo da su, ko kuwa aka ɗauki abin aka kai musu. Ba laifinsu ba ne, sun yi aiki, mun kuwa ƙaru. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Dalili na uku shi ne tsaron hasara. Ƙasusuwan dā da aka tono kusa da birnin Bejin na ƙasar Sin sun ɓace a 1941 cikin rikicin yaƙi, har yau ba a gan su ba, zubin da aka yi na siffarsu shi kaɗai ya rage wa masana. Ran 2 ga Satumba 2018 gobara ta cinye babban gidan kayan tarihi na Riyo a ƙasar Birazil, inda a ke ajiye ƙoƙon kan nan da a ke kira Luzia. Gutsattsarinsa aka tsinto cikin toka, amma da ya ke an riga an ɗauki siffarsa da na'ura tun kafin gobarar, kamanninsa ba su ɓace ba.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Hoto na yau da kullum tsawo da faɗi kaɗai ya ke nunawa. Ba ka iya juya shi ka ga ƙeyar mutum. Ita wannan na'ura tana ƙara na uku, watau zurfi ko kauri. Abin da ta ke yi shi ne ta auna wurin da dubban ɗigogi su ke a fatar ƙashi, har su kai miliyoyi. Sa'an nan kwamfuta ta haɗa ɗigogin da zare, kamar an yafa wa ƙashin koma mai ƙananan idanu. Da haka siffar za ta fito a fuskar kwamfuta, ka juya ta yadda ka ga dama, ka auna daga nan zuwa can, ka aika wa wani a Zariya ko Landan ta intanet, ko kuwa ka sa wata na'ura ta zuba maka irinta da roba, alhali ƙashin na ainihi yana kwance cikin akwatinsa ba wanda ya taɓa shi.

Hanyoyin ɗaukar siffa manya guda huɗu ne.

Ta fari ita ce mai hasken leza. Ɗaga yatsanka a gaban fuskarka, ka rufe idon dama, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan kamar ya yi tsalle. In ka matso da shi kusa, tsallen ya ƙaru. Da wannan dabara na'urar ke gane nisa. Tana jefa siririn layin haske a kan ƙashi, kyamara tana kallonsa daga gefe, sauran kuwa lissafin kusurwa uku ne irin wanda mu ke koya wa yara.

Ta biyu ita ce mai zanen haske. Duk wanda ya taɓa ganin rana ta ratso asabari ta faɗa a kan tulu, ya ga yadda layukan inuwa ke miƙewa a ƙasa amma su lanƙwashe a cikin tulun. Na'urar takan haska irin waɗannan layuka, ta karanta lanƙwasarsu, ta fid da siffar abin. Tana da sauri, akwai ta tebur, akwai kuma ta hannu wadda a ke zagaya ƙashi da ita kamar mai guga.

Ta uku ba ta bukatar wata na'ura ta musamman, sai kyamara da kwamfuta. Ita ce awo da hotuna. Za ka ɗora ƙashin a kan faifai mai juyawa, ka ajiye ma'auni a gefensa, ka riƙa juyawa kaɗan kaɗan kana ɗauka. In kana juya digiri 10 kowane ɗauka, hoto 36 ke nan a zagaye ɗaya. Ka yi zagaye uku, daga ƙasa da tsakiya da sama, ka sami 108. Ka kife ƙashin ka maimaita, 216. Kwamfuta za ta nemo inda hotunan suka yi tarayya ta gina siffar. Akwai manhajoji na kyauta don wannan aiki, kamar Meshroom da MeshLab, akwai kuma na saye kamar Metashape. Hanya ce mai araha, launinta kuma yana fita sosai, sai dai tana cin lokaci da haƙuri.

Waɗannan uku duka bayan ƙashi kaɗai su ke gani. Ta huɗu ita ce mai ganin ciki, watau na'urar siti irin ta manyan asibitoci, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro a Ingila, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971. Tana zagaya abu da hasken hoton ƙashi, ta yanka shi a hoto sala-sala kamar yadda a ke yanka kuɓewa, sa'an nan kwamfuta ta jera salolin. Da ita a ke ganin ɓargo, da tushen haƙori, da kogon ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ƙaramarta ta ɗakin bincike, mai ganin abin da ya fi gashi siranta. Misalinta shi ne dabbar dā ɗin nan Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500, wadda aka tono a Gadufawa ta ƙasar Nijar. Ƙasusuwan kanta sun yi sirantar da har haske na ratsa waɗansu, ba su jure a yi ta ɗauka ana ajiyewa. Da na'urar siti aka ɗauki siffarsu aka harhaɗa kan, aka bayyana shi ga duniya a 2007.

Tambayoyi Bakwai Kafin Saye

Tambaya ta fari, wadda ta fi sauran duka: me za ka auna? Mai son sanin tsawon ƙashin cinya kaɗai, katako da ma'auni sun ishe shi. Mai son gwada siffar ƙoƙon kai da na wani, na'urar bayan ƙashi ta wadatar. Mai son ganin cikin haƙori, sai siti. Wanda ya sayi na'ura kafin ya san tambayarsa, ya sayi linzami ne ba shi da doki.

Ta biyu, yaya girman abin? Na'urar da aka yi don ɗaukar mutum sukutum ba za ta fid da ƙashin yatsan jinjiri da kyau ba, wadda aka yi don haƙori kuwa za ta sha wuya a kan ƙashin cinyar raƙumi.

Ta uku, a rarrabe kalmomi biyu da 'yan kasuwa ke cakuɗawa. Akwai gaskiyar awo, watau ko abin da na'ura ta ce shi ne ainihin girman ƙashin, kamar mudu mai adalci. Akwai kuma laushin gani, watau kusancin ɗigogi da juna, kamar idon rariya. Na'ura tana iya fid da siffa mai santsi gwanin sha'awa, amma awonta ya karkace. Lambar da a ke bugawa a jikin kwali kuwa ita ce mafi kyawun da aka samu a ɗakin gwajin kamfani, ba lalle a same ta a ɗakinmu ba.

Ta huɗu, ƙashin ne zai zo wurin na'ura, ko na'ura ce za ta je wurin ƙashi? Gidajen kayan tarihi ba su cika barin kayansu su fita ba, kuma daidai ne. In aikin na Jos ne ko Kaduna ko bakin ramin tono, sai a nemi wadda za ta shiga jaka, mai aiki da batir.

Ta biyar, ƙashi yana da nasa halin. Haƙori yana ƙyalli, yakan ruɗa haske. Ramin ido da na hanci suna da duhu, na'ura ba ta ganin abin da haskenta bai kai ba. Masu sana'ar ƙarfe sukan fesa hoda ko su manna 'yan takardu a kan abin da za su ɗauka, amma ba a yi wa ƙashin tarihi haka. Sai a tambayi mai sayarwa ko na'urarsa tana aiki ba tare da su ba.

Ta shida, wace irin kwamfuta ta ke bukata, manhajarta kuma saye ɗaya ne ko kuwa haya ce ta shekara shekara? A kuma tabbata tana fid da aikinta cikin sigogin da kowace manhaja ke buɗewa, irin su PLY da OBJ da STL, don kada kamfani ya rufe ƙofa aikinmu ya kulle a ciki.

Ta bakwai, ƙasarmu. Ƙurar hunturu ba ta ƙaunar gilashi, zafin bazara ba ya ƙaunar kwamfuta, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. In na'ura ta lalace, wa zai gyara, a ina, cikin wata nawa?

Bayan waɗannan, sai gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A sayo kan akuya a mahauta, a dafa a wanke shi tas, a auna wurare goma a jikinsa da ma'aunin nan mai baki biyu, a rubuta. A sa mai sayarwa ya ɗauki siffar wannan kai, kada a yarda da ɗan gunkin da ya zo da shi. Sa'an nan mutum biyu daban su auna siffar a kwamfuta, a gwada da na takarda. In lambobin sun yi daidai, a ci gaba da ciniki.

Maganar Kuɗi

Farashi ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙanana na dala ɗari-ɗari waɗanda a ke yi don masu sha'awa. Na'urar tebur ta NextEngine, wadda masu binciken ƙashi da yawa suka yi aiki da ita bayan fitowarta a 2006, an sayar da ita kimanin dala 3,000. Ta hannu mai suna Space Spider ta kamfanin Artec, wadda ta fito a 2015, wadda kuma kamfanin ya ce kuskurenta na iya sauka har milimita 0.05, ta haura dala 20,000. Ƙaramar siti ta ɗakin bincike kuwa maganar ɗaruruwan dubban daloli ce, ga ɗaki na musamman, ga ma'aikaci mai horo.

Amma kuɗin saye rabin labari ne. Mai rubuta kasafi sai ya sa kuɗin kwamfuta mai ƙarfi, da faifan ajiya guda biyu a ɗakuna daban, da manhaja, da sufuri da kwastan, da inbata ko sola, da horar da mutum biyu aƙalla don kada ɗaya ya sami canjin wurin aiki ilmin ya bi shi, da kuɗin mota zuwa inda ƙasusuwan su ke, da na gyara bayan garanti ya ƙare. Sai kuma canji. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta kai 1,500. Na'urar dala 5,000 ke nan ta tashi daga naira 2,300,000 zuwa 7,500,000 cikin shekara guda. Wanda ya rubuta roƙonsa bai bar wa canji sarari ba, kuɗi za su iso ya tarar ba su sayen ko rabi.

Ina a ke samun kuɗin? A gida, babbar ƙofa ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilmi na 1993, don taimakon jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai na gwamnati. Yana da tallafin ƙananan bincike na cikin makaranta, yana kuma da Asusun Bincike na Ƙasa don manyan ayyuka. Ta hannun hukumar makaranta a ke nema, malamai ne ke rubutawa, saye kuma sai ya bi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. A waje akwai Gidauniyar Wenner-Gren ta Amurka, wadda aka kafa a 1941 don ilmin ɗan Adam, da Gidauniyar Leakey ta 1968 wadda ke da tallafin karatu ga 'yan Afirka, da asusun PAST na Afirka ta Kudu na 1994. Aikin Nok da na ambata, hukumar bincike ta ƙasar Jamus ce ta ɗauki nauyinsa shekaru da dama. Kowace gidauniya da sharaɗinta, waɗansu ba su son sayen manyan kaya, don haka a karanta ƙa'ida kafin a tsoma alƙalami.

Akwai kuma ƙofar haɗin gwiwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na'ura ɗaya tana iya yi wa sashen ilmin halittu aiki, ta yi wa na zane-zane, ta yi wa na tarihi. Da ita za a iya ɗaukar siffar tukwanen Ladi Kwali da na gidan tukwanen da Michael Cardew ya kafa a garin nan a farkon shekarun 1950, tun sunansa Abuja. Ana iya haɗa kai da sashen ilmin tonon kufai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko makarantun likita da na likitan dabbobi da ke kusa. Siti kuwa ba a saya don aiki ɗaya, sai a nemi izinin asibitin da ke da ita a biya kuɗin sa'o'i, a lokacin da ba a tauye majiyyata ba.

Takardar roƙo mai kyau takan fara da tambayar da a ke son amsawa. Sa'an nan ta faɗi ƙasusuwan da za a auna, da inda su ke, da takardar yardar masu su. Ta nuna ɗan aikin da aka riga aka yi da kyamara, don mai bayarwa ya ga hannun ya faɗa. Ta kawo farashi daga wurin masu sayarwa uku. Ta faɗi wanda zai riƙe mabuɗi, da inda za a ajiye siffofin, da wanda zai biya gyara bayan shekara uku. Masu ba da kuɗi sun sha ganin na'urori a lulluɓe da ƙyalle cikin sito, gizo-gizo ya yi musu saƙa, suna kuwa gudun ƙara wata.

Doka Da Mutunci

Ya ku 'yan'uwana, a nan sai mu yi hattara. Ƙashin mutum ba dutse ba ne, ɗan wani ne, ko uwar wani. Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk sun haɗu a kan girmama mamaci. Dokar 1979 ta ɗora kula da kayan tarihi a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba mai ikon tono ko fid da su waje sai da izininta. Gawawwakin da a ke koyarwa da su a makarantun likita ma suna da dokarsu tun 1933. Ban da doka, kowa ya san abin da jama'a za su zata in an ga saurayi da ƙoƙon kan mutum cikin jaka, ba kuwa lalle su tsaya jin bayani ba. Saboda haka ɗalibi ba ya tono, ba ya ɗauka, ba ya ajiyewa. In manomi ko mai gini ya ci karo da ƙashi, a bar shi inda ya ke, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda da hukumar. Siffar da ke cikin kwamfuta ma kamannin mutum ce, ba a watsa ta a intanet sai da yardar hukuma da ta al'ummar da abin ya shafa.

Shawarata

To, me ya dace da kwaleji irin tamu? A ganina mu hau tsani daga matakin ƙasa. Mataki na fari bai bukatar ko kwabo na saye. A 2013 aka gano ƙasusuwan dā fiye da 1,500 a kogon Rising Star na Afirka ta Kudu, da aka bayyana su a 2015 da sunan Homo naledi, sai masu binciken suka sa siffofinsu kyauta a ma'ajiyar MorphoSource ta Jami'ar Duke. Malamai a ƙasashe da yawa suka sauke suka koyar da su. Mu ma ƙofar a buɗe ta ke.

Mataki na biyu, mu koyi awo da hotuna a kan ƙasusuwan dabbobinmu, akuya da tunkiya da sa da jaki da zabo, mu tara siffofinsu da sunayensu na Hausa da Gwari da Nufanci da Koro. Wannan ba ya bukatar izinin kowa, zai kuma ba yaron makarantar ƙauye damar juya muƙamuƙin tunkiya a wayar malaminsa, ya ga da idonsa abin da ya bambanta mai cin ciyawa da mai cin nama. Gani ya kori ji. Mataki na uku, in aikin ya tsaya da ƙafarsa, malamanmu su ɗauke shi shaida su nemi na'ura mai zanen haske ta matsakaicin kuɗi, tare da wata jami'a da ke da ƙasusuwan bincike da izininsu.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Mu da za mu fita mu riƙe aji, mu ne za mu reni yaran da wata rana za su auna ƙasusuwan Daima da Durɓi da Gobero da hannunsu, su rubuta sakamakon da sunansu. In mun koya musu yin tambaya kafin saye, da yin awo da gaskiya, da girmama waɗanda suka riga mu, mun sauke namu nauyin. Ina fatan waɗanda suka fi ni sani, musamman malaman sashen kimiyya, za su ƙara mana haske a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.